Farfesa Ishaya Audu: Likitan Sardauna da ya zaga duniya ya dawo Samaru

IDAN ka shiga motar haya daga Sabon Garin Zariya, ka wuce Kwangila, ka wuce Palladan, kafin ka ankara sai ka ga katangar Jami'ar Ahmadu Bello a hannunka na hagu, garin Samaru kuma a hannun dama. Tsakanin su titi ɗaya ne rak, wanda ya miƙe zuwa Funtuwa. To, mai karatu, akwai wani mutum da ya yi rayuwa a ɓangarorin nan biyu na titin. A hagu ya yi shekara tara yana shugabancin jami'ar baki ɗayanta. A dama kuma, bayan ya yi takarar mataimakin shugaban ƙasa, ya yi ministan harkokin waje, har ya ɗanɗana zaman kurkuku, sai ya dawo ya buɗe asibiti yana duba marasa lafiya. Sunansa Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu.

Sake karanta sunan nan. Ishaya, Shu'aibu, Audu. Yaran yanzu da yawa in sun ji shi sai su tsaya suna tambaya: shin wannan namu ne ko nasu? Amsar ita ce Bahaushe ne, Kirista ne, kuma Bazazzagi ne. Abin da ya sa na ɗauko labarinsa ke nan, domin ya fito daga wani zamani da Firimiyan Jihar Arewa zai iya miƙa wa irin wannan mutum lafiyar jikinsa ba tare da wani ɗar ba.

Daga Anchau zuwa Wusasa

An haife shi ran 1 ga Maris, 1927 a Anchau, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. A wancan lokaci ƙasar Anchau ta yi ƙaurin suna wajen ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Cutar ta yi ɓarna har ta kai Turawan mulki suka fito da wani babban shiri a shekarun 1930 zuwa 1940, aka sassare dazuzzukan bakin rafi, aka tashi mutane, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ka ga ke nan yaron da zai zama likita ya buɗe ido ne a inda cuta take maganar kowane gida.

Karatunsa na farko a Wusasa ya yi shi, a makarantar St. Bartholomew. Wusasa dai ƙauye ne a bayan birnin Zariya, inda 'yan mishan na Dokta Walter Miller suka koma a ƙarshen shekarun 1920 bayan sun daɗe a cikin ganuwa. Ƙanƙanin wuri ne, amma duba irin mutanen da ya fitar. Akwai Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama NPC. Akwai Janar Yakubu Gowon, wanda a nan ya tashi. Ku kuma ma'abota karatun littattafai kun san John Tafida, wanda suka rubuta 'Jiki Magayi' tare da Dokta Rupert East. Shi ma ɗan Wusasa ne.

Daga nan Ishaya ya gangara Kudu, domin a lokacin Arewa ba ta da inda ake karatun likita. Ya shiga babbar kwalejin Yaba a Legas, sannan a 1948 ya kasance cikin ɗaliban farko-farko na Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A 1951 ya haye Ingila, ya kammala karatun likita a Landan a 1954, ya ƙara da wani kwas a Libaful. Fannin da ya ƙware a kai shi ne ciwon yara.

Da ya dawo gida ya yi aikin gwamnatin Jihar Arewa, kuma a nan ne ya zama likitan Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ka tsaya ka auna wannan matsayi. Likitan shugaba shi ne ke ganin sa a lokacin da babu rawani babu alkyabba, shi ya san abin da ke damun sa wanda ko waziransa ba su sani ba. Kuma ba shi kaɗai ne Kirista a kusa da Sardauna ba, akwai irin su Michael Audu Buba a majalisar ministoci da Sunday Awoniyi a ofis. Kada ka ɗauka ina cewa zamanin ba shi da tabo. An yi rikicin Tibi a 1960 da 1964, kuma rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi a ƙarshen rayuwarsa ya tayar wa Kiristocin Arewa da yawa hankali. Duk da haka amanar nan ta tsakanin Firimiya da likitansa ta faru, tarihi ya ajiye ta.

A farkon shekarun 1960 ya koma koyarwa a makarantar likitoci ta Jami'ar Legas, ya kuma yi zaman bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka.

Samaru a shekarar wuta

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, ƙarƙashin wani Bature ɗan ƙasar New Zealand, Norman Alexander. Harhaɗa ta aka yi daga makarantun da ke akwai: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, makarantar koyon mulki ta Kongo, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin Kano wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero. Ɗalibanta a shekarar farko ba su kai 500 ba, malamai kuwa kusan duk Turawa ne.

Sai 1966 ta zo. Ran 15 ga Janairu aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas. Ran 24 ga Mayu Janar Aguiyi Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta rushe jihohi ta mai da ƙasar dunƙulalliya. Kafin mako ya zagayo ɗalibai sun fito zanga-zanga a Zariya, abu ya faskara, tarzoma ta ɓarke a Sabon Gari da sauran sabon garuruwan Arewa, aka yi ta kashe 'yan ƙabilar Ibo. Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin. A watan Satumba da Oktoba aka sake yin kisan da ya fi na farko muni, mutanen Gabas suka tattara suka tafi, har da ɗalibai da ma'aikatan jami'a, masu buga tafireta da masu gyaran injina da akawuna.

A cikin wannan shekara ce aka miƙa wa Ishaya Audu ragamar jami'ar, yana da shekara 39, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Mai jami'ar ya mutu, ma'aikata sun watse, yaƙi na tafe. Sannan a watan Mayun 1967 Gowon ya tsaga Arewa gida shida. Jami'ar da take da uba ɗaya sai ta wayi gari da iyaye shida, kowace jiha da nata buƙatu da nata ƙorafi, kuma a wajensu za a nemo kuɗin gudanarwa ta hannun hukumar da aka kafa don kula da kadarorin tsohuwar Jihar Arewa.

Babbar matsalar da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce ta ɗalibai. Arewa ba ta da isassun makarantun sakandare da ke kai yara matakin shiga jami'a. In aka bar ƙofa yadda take, jami'ar da aka gina don Arewa za ta cika da kowa ban da 'yan Arewa. In kuma aka sassauta ma'auni, digirin ya zama na banza. Mafitar da aka samu a zamaninsa ita ce makarantar share fage a cikin jami'ar kanta, inda ake ɗauko yara daga sakandare a horar da su kafin su shiga digiri. Je ka bincika tarihin manyan Arewa da suka yi tashe daga shekarun 1980, gwamnoni da alƙalai da likitoci da manyan sakatarori, za ka tarar da yawansu ta wannan ƙofa suka bi.

A zamaninsa ne aka buɗe tsangayar koyon likita a 1967, aka riƙa koyar da ɗalibai a asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi. A zamaninsa ne aka kafa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a kwalejin Abdullahi Bayero a 1969, wadda ta yi wa Hausa hidimar da ba ta misaltuwa. A 1970 aka mai da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar binciken tarihi, wato Gidan Arewa, ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Lokacin da ya sauka a 1975, shekarar da aka hamɓarar da Gowon, jami'ar Samaru ce mafi girma a Nijeriya. Farfesa Iya Abubakar ne ya gaje shi.

Abokin takarar Zik

Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, jam'iyyu biyar suka samu rajista. NPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ce tun farko, amma rigima ta raba su, ya fita ya kafa GNPP, waɗanda suka rage suka gayyato Dokta Nnamdi Azikiwe ya yi masu takara. Ƙarfin NPP a ƙasar Ibo yake da kuma tsakanin ƙananan ƙabilun Arewa, musamman Filato. Zik na buƙatar ɗan Arewa mai mutunci a gefensa, sai aka ɗauko Ishaya Audu.

Ka lura da wannan juyi na zamani. Mutumin da ya karɓi jami'a a shekarar da aka kori Ibo daga Sabon Gari, shi ne bayan shekara 13 ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da babban jagoran Ibo yana neman ƙuri'a. Shi kansa Zik ɗin a Zungeru aka haife shi a 1904, kuma da Hausa ya fara buɗe baki.

An yi zaɓe ran 11 ga Agusta, 1979. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Cif Obafemi Awolowo na UPN miliyan 4.9, Zik da Audu miliyan 2.8, sai Malam Aminu Kano na PRP da Waziri Ibrahim kowanne da wajen miliyan 1.7. Aka tafi kotu kan lissafin nan na kashi biyu cikin uku na jihohi 19, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba. NPN kujera 36 take da ita cikin 95 a Majalisar Dattawa, da 168 cikin 449 a Majalisar Wakilai. Ba ta iya zartar da komai ita kaɗai. Dole ta nemi ƙawa, NPP ta amsa. Aka raba muƙamai: Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, John Wash Pam ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, aka kuma ba jam'iyyar kujerun minista. Mafi tsoka a cikinsu, ta harkokin waje, ita ta faɗo hannun Ishaya Audu. Shi ne Bazazzagi na biyu da ya riƙe ta, domin Alhaji Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, marubucin 'Bala da Babiya', shi ke kai lokacin da aka yi juyin mulkin 1966.

Shekara huɗu tsakanin maƙwabta

Ya gaji kujera mai zafi. Zamanin Murtala da Obasanjo Nijeriya ta saba da magana da ƙarfi: ta goyi bayan MPLA a Angola a 1975 duk da matsin Amurka, ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP a 1979 saboda batun Rodeshiya da Afirka ta Kudu. Jama'a sun ɗanɗana wannan, suna son a ci gaba.

Farkon abin ya zo da daɗi. Ran 18 ga Afrilu, 1980 Zimbabuwe ta samu 'yanci. A ƙarshen watan Legas ta karɓi taron tattalin arziki na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, inda aka fito da shirin nan da ake kira da sunan Legas. A wannan taro Nijeriya ta hana wakilan sabuwar gwamnatin Laberiya sauka, saboda makonni biyu kafin nan Saje Samuel Doe ya kashe Shugaba William Tolbert, wanda shi ne shugaban ƙungiyar a lokacin.

Daga nan sai wuta ta matso bakin ƙofa. A ƙarshen 1980 sojojin Libiya suka shiga Chadi, a watan Janairun 1981 aka ba da sanarwar cewa Gaddafi da Goukouni Weddeye za su haɗe ƙasashen biyu. Wato Libiya za ta yi iyaka da Borno ke nan. Nijeriya ta ce ba ta yarda ba, har ta sallami jami'an jakadancin Libiya daga Legas. Aka yi ta zirga-zirga har Libiya ta janye a ƙarshen 1981, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta shiga, da sojojin Nijeriya da Senegal da Zayar, ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga. Gaskiyar magana rundunar ba ta yi nasara ba. Kuɗin da aka yi alkawari bai zo ba, nauyin ya faɗo kan Nijeriya, kuma ran 7 ga Yuni, 1982 Hissene Habre ya kama Njamena suna ji suna gani.

Jarrabawa mafi girma ita ce ta Kamaru. Ran 16 ga Mayu, 1981 jandarmomin Kamaru suka harbe sojojin Nijeriya biyar a kan ruwa, a yankin iyakar da ke kusa da Bakassi. Ƙasa ta ɗauki zafi. Jaridu na kiran a rama, ɗalibai sun fito titi, sojoji sun ja daga. Gwamnati ta zaɓi wata hanyar: ta gindaya wa Kamaru sharuɗɗa, ta nemi gafara, ta hukunta masu laifi, ta biya diyya. Shagari ya ƙaurace wa taron shugabannin Afirka na Nairobi a watan Yuni don nuna fushi. A watan Yuli gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta ba da haƙuri ta amince da biyan diyya, a farkon 1982 kuma Ahidjo ya kawo ziyara Nijeriya. Mutane da yawa sun kira wannan ragwanci. Amma ka tuna wa ke zaune a kan iyakar nan daga tafkin Chadi har Adamawa: Fulani da Kanuri da Hausawa da Kotoko, 'yan uwan juna, kasuwa ɗaya, aure ɗaya. Da an gwabza, gidajensu ne fagen fama. Ita kuwa rigimar Bakassi sai a 2002 Kotun Duniya ta yanke ta, ta ba Kamaru, aka kammala miƙawa a 2008.

Akwai kuma tabon da ba ya gogewa. Kuɗin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sai aka juya kan baƙi. Ran 17 ga Janairu, 1983 Ministan Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashi kaya, galibi 'yan Ghana, da 'yan Nijar da Chadi da Togo. Jakar nan da har gobe kake kira 'Ghana mos go' daga nan ta samo suna. Ba ma'aikatarsa ce ta yanke hukuncin ba, amma yana cikin gwamnatin, kuma ofishinsa ne ya sha kunyar fuskantar maƙwabta da sauran duniya.

Ranar da ya ƙi sauka

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, ga abin da har yau ake gardama a kai. Ƙawancen NPN da NPP auren dole ne, bai yi ƙarko ba. A watan Yulin 1981, ana tsakiyar rikicin Kamaru, igiyar ta tsinke. NPP ta umarci ministocinta su ajiye aiki. Wasu suka bi umarni. Ishaya Audu bai bi ba. Ya rabu da jam'iyyar da ta kai shi, ya ci gaba da zama a kujerarsa har ƙarshen zangon farko na Shagari a 1983.

Masu sukar sa suka ce ya ci amanar Zik, ya fifita kujera a kan jam'iyya. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin ba don NPP ba da bai ga kujerar ba. Masu kare shi kuma suka ce ministan harkokin waje ba ya ajiye aiki ana tsakiyar takaddama da maƙwabciya don kawai 'yan siyasa sun ɓata, kuma shi dama can ma'aikaci ne da siyasa ta ara. In ka tambaye ni, duk biyun akwai gaskiya a ciki. Rayuwarsa kaf ta nuna mutum ne mai biyayya ga aikin da aka damƙa masa fiye da ƙungiyar da ya fito, kuma irin wannan hali yana da farashi. Ya biya shi.

Da Shagari ya ci zaɓe karo na biyu sai ya ba Cif Emeka Anyaoku ma'aikatar. Ran 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka dawo ƙarƙashin Manjo Janar Muhammadu Buhari, aka yi ta kamen 'yan siyasa. Ishaya Audu na cikin waɗanda aka tsare, ya yi kimanin shekara guda a hannu.

Komawa ƙetaren titi

Da aka sake shi, mutum mai irin takardunsa yana iya samun aiki a Landan ko Amurka cikin sauƙi. Samaru ya dawo. Ya buɗe asibitinsa, ya koma aikin da ya fara da shi, daga baya kuma ya kafa majami'a yana wa'azi. Mazauna Samaru da ƙauyukan kewaye, Musulmi da Kirista, suka riƙa kai masa 'ya'yansu.

A nan yake lokacin da garin ya fara sauyawa. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a kwalejin horon malamai ta Kafanchan ya bazu, aka ƙona masallatai a can, aka ƙona majami'u a Zariya da Samaru da Wusasa. A 1992 na Zangon Kataf ya iso. Tun daga nan mutane suka fara duba addinin unguwa kafin su kama hayar ɗaki. Bahaushe Kirista kuwa sai ya samu kansa gaba kura baya sayaki: a nan a ce masa ba namu ba ne saboda addininsa, a can a ce ba namu ba ne saboda harshensa. Duk da haka dattijon bai tashi daga Samaru ba, sai da ciwo ya sa aka fita da shi. Ya rasu a Amurka ran 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78. A shekarar ce asibitin koyarwa na jami'ar, wanda aka faro a zamaninsa, ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika.

To, mai karatu, ban ce ka ɗauke shi waliyyi ba. Ka ga inda ya yi daidai, ka ga inda ake zargin sa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, Sardauna ya ba shi amanar jikinsa, Arewa ta ba shi amanar jami'arta a shekarar da ta fi kowace muni, Shagari ya ba shi amanar fuskar ƙasa a idon duniya, kuma duk waɗanda suka ba shi sun san sunansa Ishaya. In Allah ya kai ka Samaru, ka samu wani dattijo a bakin kasuwa ko a tashar mota, ka tambaye shi labarin asibitin Farfesa. Sannan in ka koma gida, ka ba ƙannenka labarin.